Mai Zaman Kansa a Kamfanin Wasu

A kamfanin dillancin gidajen da na yi wa aiki a unguwar Dera, can ƙasar Larabawa, an hana mu kiran kanmu ma'aikata. Manajan, wani mai yawan turare da murmushi, ya ce mu abokan hulɗa ne, kowa mai zaman kansa. Ma'anar wannan babban suna ita ce babu albashi, sai la'ada in haya ta ƙullu. Biza ka nema da kanka, katin asibiti, wato inshorar lafiya, ka saya da kanka. Amma mai zaman kan nan in ya makara a taron safe, gaban kowa za a wanke shi. Su ke zaɓa mana kalar kwat, su ke yanka mana unguwar da za mu yi yawo, hutu kuwa sai ka roƙa. A wajen ba da umarni mu nasu ne, a wajen ɗaukar nauyi ba su san mu ba.

Duk ofishin babu wanda ya kai ni iya rera wannan waƙa ta zaman kai, shi ya sa aka ɗora ni kan kawo sababbin hannu. Ban yi wani karatu mai zurfi ba, amma Allah ya ba ni baki, ni kuma na ɓata shi.

Akwai wani ɗan garinmu da ya girme ni sosai, Yaya nake ce masa. A shagon kago, na masu aika kaya gida, yake aiki a unguwar Naif, yana auna kayan 'yan kasuwa yana ɗaurewa. Albashin ba yawa, amma biza ta shagon ce, katin asibiti ma nasu ne. Yana da ciwon sukari, kuma na sani, don na sha ganinsa yana yi wa kansa allura kafin mu ci abinci.

Na dinga bi ta shagon cikin kwat ɗina, ina yi masa tsiya cewa zai tsufa yana ɗaure wa matan Kano akwatuna. Na ce a wajenmu babu mai gida, kai ne ogan kanka. Ya daɗe yana dariya kawai. Ranar da ya fara sauraro, abu ɗaya ya tambaya.

“Katin asibitin fa, ƙanena?”

“Yaya, wannan ai ƙaramin abu ne. Ka yanki naka, ya fi nasu.”

Ya ajiye aiki ya shigo wajenmu, ya yanki kati mafi arha, irin nawa. Ni ban taɓa gwada nawa ba, ban san abin da yake ɗauka ba, ban kuma tambaya ba.

Aka ba shi tsofaffin benaye na unguwar Muraƙƙabat, waɗanda lif ɗinsu kullum a lalace. Cikin zafin nan da ko mage ba ta fita, yana hawa yana sauka da masu neman ɗaki, cikin takalmi sau-ciki da manaja ya ce dole ne. Takalmin ya ci masa yatsa, gyambon ya ƙi warkewa. Ya ɓoye, don wanda bai fita ba ba ya samun komai. Wata rana da azahar ya yanke jiki ya faɗi a matakala, mai gadin gidan ne ya kira motar asibiti. A can aka gaya masa katinsa bai fara ɗaukar ciwon da ya shigo da shi ba tukuna.

Na je wajen manaja. Ya dafa kafaɗata, ya ce abin ya taɓa shi ƙwarai.

“Amma habibi, ba ma'aikacinmu ba ne. Kai ka yi masa bayani, ko ba haka ba?”

Sai ya tuna cewa makullan gidaje suna hannun Yaya, ga masu son dubawa suna jira. Tunda zan je gaishe shi, in taho da su.

Na je. Na yi doguwar gaisuwa, na tambayi jiki, na yi addu'a, na sake tambayar jiki. Yana kwance da ƙafa a naɗe, yana kallona ina ta kewaye-kewaye, har ya gaji ya nuna kujera da haɓa.

“Suna aljihun kwat. Ɗauka, kada oganka ya yi maka faɗa.”

Na sa hannu na ɗauka. Da a ce na bar su, na koma na ce wa manaja ya zo da kansa, da yau ina da abin faɗa. Ban bari ba.

An yanke masa yatsan. 'Yan garinmu na unguwar Abu Hail ne suka haɗa kuɗin asibitin aka sallame shi, ni ma na sa nawa, na kuma tabbatar an ga na sa. Da ya fara takawa ya koma shagon kago da sanda, ya tarar an ɗauki wani. Babu kamfanin da zai ba mai ɗingishi da ciwon sukari biza. Ya sayar da abin da yake da shi ya koma gida, inda yanzu allurarsa ta dogara da abin da 'ya'yan ƙanwarsa suka samu.

Ni kuwa na ci gaba da zama a kamfanin har aka canza manaja, kuma bayan Yaya na kawo wasu sababbin hannu.