Harisu da Kwarin Bayan Kambo

A ƙasar Gadarif, riɗi in ya nuna ba ya jiran kowa. Kwana kaɗan ne tsakanin nunarsa da fashewar kwansonsa, in kuwa ya fashe sai tsabar ta zube cikin tsagar baƙar ƙasa, mai gona ya tashi da kara. Shi ya sa a makonnin yanka wakilin gona ba ya barci da ido biyu. Tsoronsa ɗaya ne: ya wayi gari ya tarar kambo, sansanin da ma'aikata ke kwana, ya rage mutane.

A irin wannan kambo, a Gadambaliya, Harisu ya yi rabin rayuwarsa yana tuƙa tuwo. Da wannan gurbi yake ci da iyalinsa, kuma shi kaɗai ne wurin da yake magana a saurare shi.

Jikan mahajjata ne. Kakansa ya taso daga Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, ya tsaya a Gadarif ya yi noman damina ɗaya don guzuri, daminar ba ta ƙare ba har aka binne shi. Harisu ya yi makaranta har ya iya karanta Larabci ba gargada. A wani ɗan teburi kusa da tashar motocin Doka ya fara cin karo da littattafan: ƙanana, bango baƙi ƙirin, takarda irin wadda ake naɗe ƙosai da ita. Sunan marubucin na nan da jan rubutu, amma babu wanda ya damu da shi. Mai Baƙin Bango, haka kowa ke ce masa. Ana rububin littattafansa daga Khartum har kan iyakar Habasha, yara suna ɓoye su cikin riga, malamai suna ƙwacewa su karanta a gida.

Yana saurayi faifan garmar tarakta ya bi ta kan ƙafarsa ta hagu. Yanka ya ƙare masa, noma ya ƙare masa. Tijjani, wanda suka zauna benci ɗaya a makaranta, a lokacin ya zama wakilin wani attajiri, shi ya zo asibiti ya ce masa kada ya damu, kambo na bukatar kuku. Har ya kai bakin ƙofa ya juyo.

"Ka taho da baƙaƙen littattafan nan naka."

Harisu ya riƙe wannan magana a zuciyarsa kamar kyauta. Ya sha gaya wa matarsa Zainaba cewa aboki ke nan, wanda ya tuna abin da kake so. Ita dai takan kira shi da sunan 'yarsu ta ce, "Abu Amira, ni tuwonka na sani. Wanda ya ɗauke ka aikin girki ko dai waliyyi ne ko akwai abin da yake nema." Yakan yi dariya, don ya ɗauka zolaya ce.

Gaskiya girkinsa ba na a zo a gani ba ne. Tuwon dawarsa gudaji, miyar busasshen kifinsa wani lokaci gishiri, wani lokaci ruwa zalla. Amma in aka sallame magariba, aka ajiye lauje, aka zauna ƙarƙashin rumfa, ya rataye fitila a jikin gwafa ya buɗe littafi, sai ka rantse wani mutum aka sauya. Idonsa na bin Larabci, bakinsa na zubo Hausa, ba tsayawa. Kuma ba juya harshe kaɗai yake yi ba, kwaso labarin yake yi ɗungum ya dire shi a gida. In marubucin ya ce babban kogi, Harisu ya ce kwarin nan na bayan kambo. In ya ce wani tsohon gida a birni, Harisu ya ce kangon nan na hanyar Shuwak da kowa ya sani. Ya ɗauki wannan a matsayin gwanintarsa, kuma gwanintar ce.

Kowa da nasa littafin. Baba Jatau, tsohon ɗan yanka da ya fi kowa daɗewa a kambon, nasa shi ne na ramin hatsi: wani attajiri ya binne dawa a shekarar yunwa yana jiran tsada, sai ramin ya fara kiran sunayen mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya. Kullum Jatau sai ya ce ƙarya ce tsagwaronta, kullum kuma sai ya matso gaba in an kusa kiran sunan attajirin. Ranar da ramin ya kira attajirin, dariya Jatau yake har da tari, idonsa na kallon wajen da motar mai gona ke tsayawa. Samarin Shuwak sun fi son na wata mai sayar da shayi wadda ba ta da inuwa. Suna cewa tsoron ne ke burge su, amma wurin da ake siffanta wuyanta suke sa a maimaita. Da yaƙi ya koro mutane daga Khartum, wasu Hausawan can suka shigo yankan riɗi, su ne suke zama a sahun gaba, ba sa ko motsi. Harisu ya taɓa tambayar ɗayansu, Sami, ko abin ba ya taɓa shi ne.

"Yana kwantar mini da hankali," in ji Sami. "Dodon littafinka yana da ƙa'ida. In ba ka buɗe ƙofa ba, ba ya shigowa."

Shi kuwa Tijjani nasa ɗaya ne tak, na mai bin sawu. Labarin wani abu ne da ke bin duk wanda ya bar wuri cikin duhu bai yi sallama ba. Ba ka ganinsa, sai dai ka ji takunsa a bayan naka, in ka tsaya ya ƙara taku ɗaya. A bakin Harisu, abin yana kwana ne a kwarin bayan kambo, ƙarƙashin aduwar da ke mashigar. Duk shekara in an shiga yanka sai Tijjani ya nemi a karanta shi.

To, akwai wata al'ada a kambo. Wanda ya karɓi yanki ya yi alkawarin yanke shi, ba ya tashi da rana tsaka a gaban idon mutane ya ce ya fasa, abin kunya ne har a garinsu. Mai son komawa wata gona sai ya sulale kafin asuba, ba sallama, ya ƙetare kwari. Sauran kambo duk shekara suna asarar mutane ta haka. Na Tijjani bai cika yi ba. Harisu ya sha jin ana faɗa, yana jin daɗi, ya ɗauka son labari ne ke riƙe su.

A daminar da ta wuce hannu ya yi ƙaranci. Gonar da ke ƙetaren kwari ta aiko a ɓoye cewa ana neman 'yan yanka, da sharaɗi mai sauƙi, har da nama ranar Juma'a. Da hantsi Tijjani ya tarar da Harisu yana dakan kifi a bayan rumfa, ya tsuguna ya ɗauki guntu ya jefa a baki.

"Ustaz, yau na sawun nan za ka yi mana."

"Makon jiya fa na karanta shi. Akwai wani sabo da na samo, na wani likitan haƙori..."

"Bar likitan nan. Na sawu. Kuma ka ƙara masa gishiri, ka ce har guntun takalmi an tsinta a gindin aduwa. Yaran Shuwak ɗin nan kunnensu ya fara karkata ƙetare."

Harisu ya ajiye taɓarya. "Me ya haɗa kunnensu da littafina?"

Tijjani ya dube shi, ya ga da gaske yake tambaya, sai dariya ta kama shi. Ba dariyar mugunta ba ce, wannan ne ma ya fi ciwo.

"Ya zol, mutumina, kai duk shekarun nan ba ka sani ba? Wallahi na ɗauka tare muke. Wasu wakilai karnuka suke ajiyewa, wasu su ɗauki mai gadi da sanda. Ni kai na ɗauka. A zatonka don wannan tuwon?" Ya tofar da ƙayar kifi, ya dafa kafaɗarsa. "Malesh, yi haƙuri. Ai ba laifi ba ne, kowa da amfaninsa."

Harisu ya ɗauki taɓarya ya ci gaba da daka. Ya gaya wa kansa cewa tausayin mutanen nan yake ji, an mai da shi shinge an kewaye su da shi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ce duka ba. A can ƙasan ransa wani hoto ne yake ta juyawa: Tijjani ya fito da safe ya ga rumfa wayam, riɗi na fashewa, ya zo ya tsuguna a gabansa kamar ɗazu, amma ba dariya.

Bayan magariba ya buɗe na mai bin sawu, kamar yadda aka umarce shi. Sai dai wannan karon ya karanta shi yadda marubucin ya rubuta. Kogi ya zauna kogi, can arewa mai nisa, da jiragen ruwa da itatuwan dabino. Mutanen ciki suka riƙe sunayensu na Larabawan birni. Babu kwari, babu aduwa.

Ba a yi nisa ba aka fara gyaran murya.

"Wannan ba namu ba ne," in ji wani saurayi.

"Shi ne. Haka yake a takarda."

"To ina kwarin?"

"Babu kwari a ciki. Mai Baƙin Bango bai taɓa taka Gadambaliya ba."

Wani ya tashi ya ce zai duba wayarsa. Wasu suka bi shi. Sami ya zauna har ƙarshe don kara, sannan ya ce sai da safe. Tijjani na jingine da tayar tarakta yana kallo.

Gari ya waye, Harisu ya fito yana ƙirga kawuna da ido. Babu wanda ya tafi. Washegari ma haka. Mutane suka ɗauki lauje suka shiga gona kamar kullum, sai dai ba mai tsayawa ya zolayi tuwonsa.

Da azahar ya kai wa Jatau ruwa a bakin yankinsa. Tsohon ya sha, ya zuba sauran a ƙeya.

"Gurgu, me muka yi maka?"

"Baba, hanya na buɗe muku. Babu komai a kwarin nan."

"Ni za ka gaya wa? Tun ba a haife ka ba nake kashi a kwarin nan." Ya goge baki da hannun riga. "Kai kana ganin akwai babban mutum a nan da ya yarda aljani na kwana gindin aduwa? Ƙetaren ma mun san shi. Wakilinsu ƙanin wannan ne a hali, naman Juma'ar kuwa ƙashi ne. Ko'ina ka je riɗi ne da rana da gudajin tuwo."

"To me ya sa kuke..."

"Saboda in mutum ya kwanta, gara ya ce wa kansa, da na tafi, abin kwari ne ya hana ni. Ana dariya, ana jin sanyi a baya, a yi barci. Yanzu fa me zai ce? Ya ce hanya a buɗe take, ni ne ba ni da inda za ni?" Ya miƙa masa kwanon. "Abu ɗaya muke da shi mai daɗi a wurin nan, ka zo ka wanke shi da sabulu."

Harisu ya so ya gyara. Da yamma ya ɗauko na ramin hatsi, ya mai da attajirin ɗan Doka, ya sa masa tafiyar mai gona. Mutum kaɗan suka zauna, su ma da ya ambaci wani wuri da suka sani sai wani ya ce, "Haka yake a takarda, ko kai ka sa?" Aka yi dariya, ba irin wadda yake so ba.

An gama yanka lafiya, ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Ranar da ake ɗaure buhuna Tijjani ya same shi yana kankare tukunya. Fuskarsa a sake, har da fara'a.

"Ustaz, ka koya mini abu. Ashe ko ba dodo ba sa tafiya."

Harisu ya gane aikinsa a kambon ya ƙare.

Bana da aka fara kwasar 'yan yanka, ya je kasuwar Gadarif inda lori ke lodi, da jakar littattafansa a kafaɗa, ko da ba a aiko masa ba. Zainaba ta ce kada ya je, ya ce iska zai sha. Ya tarar an ɗora tukwane, wani ƙaƙƙarfan mutum mai suna Hatim yana zaune a kansu, an ce hannunsa na da daɗi. Tijjani na gaba kusa da direba, ya ɗaga masa hannu ta taga kamar yadda ake gaida maƙwabci. Jatau na can baya a takure tsakanin buhunan gari. Suka haɗa ido.

"Gurgu, ka zo rakiya?"

"Na zo rakiya, Baba."

"To madalla. Ka gaida gida."

Lorin ta tashi ta bi hanyar Gadambaliya. Harisu ya tsaya har ƙarar ta ɓace, sannan ya ja ƙafarsa zuwa wurin mai shayi, ya zauna a benci, ya ajiye jakar a ƙasa. Matar ta tambaye shi ko littattafan na sayarwa ne, akwai 'yan makaranta da ke yawan nema. Ya ce mata zai yi tunani, ta kawo masa shayi ba madara.