Ɗanmaliki Makanike da Jirginsa na Fakuwa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 6 ga watan Nuwamba, 1957, Allah ya karɓi ran abokina Ummaru Ɗanmaliki, makaniken tashar Kankia, bayan gajeruwar jinyar ciwon haƙarƙari. Ni Sodangi tela, wanda ya ɗinka rigar fukafukan jirginsa, nake rubuta wannan.

Ummaru, tun da ka dawo daga Kano, inda ka yi aikin wanke injin jirage lokacin yaƙi, ba ka da zance sai na sama. Da rana kana ƙarƙashin motocin gyaɗa, da la'asar kana bayan gidanka kana haɗa jirgin sama da gora da katako, kana fiƙe farfelar da za ta ja shi. Ranar da ka shigo rumfata da bandir na akoko ka ce in ɗinka wa jirgi riga, na yi dariya har allura ta soke ni. Ba ka ji haushi ba. Ka jira na gama, sannan ka miƙo mini igiyar awo.

Injin tsohon babur ka ɗora masa, mai silinda biyu. Komai ya zauna sai fulogi, ɗan ƙarfen nan mai farin wuya da ke ba inji tartsatsin wuta. Ni a ganina duk ɗaya suke, amma kai sai ka jera su a kan tabarma kana jujjuyawa kamar mai zaɓen goro. Wannan bakinsa ya yi baƙi, mai ya shaƙe shi. Wancan ya yi fari fat, zafi ya cinye shi. Ka ce injin jirgi ba ya hutawa, da ƙarfinsa duka yake aiki, don haka sai fulogi mai saurin zubar da zafi.

Wata rana na gaji na ce, "Ɗanmaliki, ka sa kowanne mana, ai duk wuta suke bayarwa."

Ka ce, "Sodangi, mota in ta mutu mani, gefen hanya nika gangarawa. Can sama ina gefen hanya?"

Ka daɗe kana aika direbobi cigiya, har aka samo maka guda biyu daga Kano, irin da kake so. Ka naɗe su a ƙyalle, kana yawo da su a aljihu. Ka sa ranar gwaji bayan sallar Juma'a.

Ana gobe gwajin, da hantsi, Bubayero makiyayi ya iso daga rugarsu ta kusa da Bauranya, ƙafafunsa duk laka. Matarsa Inno tana naƙuda tun jiya, abin ya gagari ungozoma. Mota ɗaya ce a tasha ranar, tsohuwa, fulogi biyu sun fashe, ba ta ko iya fita gari. Ina tsaye na ga hannunka ya shiga aljihu ya ɗan tsaya. Sannan ka warware ƙyallen ka ɗaura wa motar su, ka karɓi sitiyari da kanka. Ka ɗauko Inno ka kai ta asibiti a Katsina. Ta sauka lafiya, yaron kuma sunanka aka raɗa masa.

Da ka dawo ka kwance fulogin ka duba, ka ce sun sha baƙin mai, ba za ka hau sama da su ba. Ba ka ƙara tayar da maganar ba, ko Bubayero bai taɓa sanin abin da ka bayar ba. Sai da damina ta sake zagayowa ka sami wasu.

Ranar da aka tura jirgin zuwa faƙon Fakuwa, har daga Kusada da Dudunni mutane sun zo. Injin ya kama, ƙararsa ba ta yanke ba. Jirgin ya ruga, ya yi tsalle, ya koma ƙasa, sannan ya ɗaga. Na ga haske tsakanin tayarsa da ƙasa, kamar tsayin mutum. Ya tsallake wani ɗan kwari ya sauka a gonar wake, fiffike ɗaya ya karye. Ka fito kana ɗingishi, ka wuce mu duka, ka tafi ba mai gona haƙuri. Bayan haka ka dawo ka riƙe hannuna ka ce ɗinkina bai ɓarke ba.

Jiya na shiga gaisuwa wurin matarka Ma'u. Daga bayan labule ta ce, "Malam Sodangi, shekarun nan duka ban faɗa mashi ba, amma tsorona daga sama za a tsinto mani shi. Ga shi bisa tabarmarshi ya cika, da kalmar shahada, ina riƙe da hannunshi. Na gode Allah."

Allah ya jiƙanka, Ummaru, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga Ma'u da 'ya'yanka Jamilatu da Babba, da dangi na Kankia da Kusada, da direbobin tasha baki ɗaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinka, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani. Amin.