Faifan Yaya a Cikin Jar Fata

Har yau in na ji ƙanshin sabuwar jar fata, sai zuciyata ta koma gidanmu na Nahuce, a wata damina da Zamfara ba ta daɗe da zama jiha ba. Ina sakandare lokacin.

Yayana ya zo hutu daga jami'a, inda yake karatun kwamfuta, riƙe da wani baƙin faifai kamar tafin hannu. Ya ce aikinsa na kammala karatu, wahalar shekara guda, duk yana rubuce a ciki, kuma danshi kaɗan zai kashe shi. Ga ɗakunanmu na ƙasa suna yoyo.

Kaka tana tsinkar rama, ashe tana sauraro. A saninta, rubutu mai daraja ba a barinsa tsirara, fata ake ɗinka masa. Da Yaya ya bi Baba gona, sai ta ƙulle faifan a haɓar zane, ta kai wa badukun unguwarmu.

Da la'asar ta miƙa masa shi, an ɗinke shi ruf cikin jar fata kamar laya, har da igiyar ratayawa. Kun san yadda fuskar mutum take in an yi masa rasuwa? To, haka. In basilla ta huda shi, shekararsa ta tafi, don ba shi da wani.

"Mi na na, angona?" in ji Kaka. "Ba ka gode ba?"

Sai ya durƙusa ya ce, "Na gode, Kaka."

Washegari na raka shi Gusau, ina ta salati a mota, zuwa wani shago mai kwamfuta. Da reza ya warware ɗinkin, zare bayan zare. Na'urar ta ɗauki faifan ta yi ta ƙugi, sai ga rubutu ya cika gilashi. Baduku bai taɓa ko gefensa ba. Alhamdulillahi!

Yanzu Yaya yana da kamfaninsa na kwamfuta, matasa har daga Tsafe suna ci a ƙarƙashinsa. In ana yabon iliminsa ina jin daɗi, amma ni durƙuson nan nake tunawa. Faifai ya zama tarihi, Kaka ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Fatar kuwa tana rataye a ofishinsa, ya hana kowa ya sauke ta.