Majinyaciyar Ɗakin Inna

Ni dai albasa nake sayarwa, kuma ita ta zaga da ni duniya. Na kwana bisa buhu a Legas, na kwana a tashar Kwatano, na sha ruwan Agadas har cikina ya yi kuka. Amma ban taɓa zama tsohuwa mara lafiya ba sai a gidanmu na Bodinga.

Ɗiyar ƙanwata ce ta jawo mini. Ta gama makarantar koyon jinya, saura jarrabawar lasisi, wadda in ba ka ci ba, ba a barinka ka taɓa majinyaci da sunan nas. Ta shiga sau ɗaya ta faɗi, kuma ba a rubutu ta faɗi ba. Akwai wurin da ake shigar da mutum ɗaki, ga gado, ga mutum-mutumin roba kwance, ga malama tsaye da biro. Sai ka gai da robar nan, ka gaya mata abin da za ka yi mata, ka nemi izini, ka saurara kamar za ta amsa. Yarinya ta shiga, idon roba ya kafe ta, bakinta ya mutu. Ta yi aikinta daidai, amma shiru, kamar mai wanke kwano. Anka kayar da ita.

Ƙawayenta sun tafi Sakkwato wajen masu lesin na kuɗi, inda akwai irin robar. Mu kuwa shekarar nan albasa ta ruɓe mini a hanya, uban yarinya kuma ya daɗe da rasuwa. Ga shi ba a barin mutum ya yi ta komawa jarrabawar har abada.

Sai uwarta ta ce a ɗinka mata majinyaciya. Ta buɗe akwatin Inna, mahaifiyarmu, ta samo farin yadi mai tsawo, ta kai wa wani tela a kasuwa. Ya yi jiki, ya ɗaure wuya, ya jona hannuwa da ragowar atamfa, ya cika ciki da ƙaiƙayi. Fuska ya ce ba zai yi ba, ba ya son a ce ya hura mata rai ran gobe ƙiyama. Anka kwantar da ita bisa gadon Inna, don ɗakin ne kaɗai ba kowa tun da ta rasu.

Na leƙa na ce wa yarinyar, "Likita, wagga ai ta fi ƙarfin asibiti. Ba ta da ko baki."

Ta ce, "Kai ne bakin, Kawu."

Haka aikina ya samu. Bayan azahar, lokacin da rana ke kwantar da garin har kaji su buɗe baki a gindin bango, sai in shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, bayan labule. Ita ba ta ganina. Ta yi sallama, in amsa da muryar tsohuwa.

"Sannu, Inna. Ina wuni, ina jiki?"

"Jiki ya ƙi, ɗiyata. Ke ce sabuwar? Ina waccan mai kyau ta jiya?"

"Kawu, don Allah."

"Wane Kawu? Ni tsohuwa ce, kuma ban yarda da allura ba sai an ba ni goro."

Da farko dariya take yi har ta manta abin da ke gaba. A hankali bakinta ya saki. Ta koyi gaisuwa, ta koyi bayani, ta koyi dakatawa ta ji amsa. In ta juya majinyaciyar don gyaran shimfiɗa, ƙaiƙayin ya zube gefe guda ya yi wani sauti kamar ajiyar zuciya. Ban so sautin nan ba.

Wata rana ta ce in shigo in kama mata ƙafafun majinyaciyar. Ina ɗagawa na ga ɗan hatimi shuɗi a bakin yadin, ƙanshin turaren akwatin Inna ya bugi hancina. Na san yadin. Ni na sayo shi a Makka, na tsoma shi a zamzam, na shanya, na kawo wa Inna, don ta ce ba ta son tsarabar komi sai likkafaninta. Ta ajiye shi shekara da shekaru. Da ajali ya zo, a Shagari ya same ta, ta je suna gidan ƙanenta. Kafin la'asar an sayo wani yadi a kasuwa an rufe ta can. Nata ya zauna a akwati, kowa ya manta.

Na ja ƙanwata gefe na gaya mata. Ta zauna a kan turmi, ta daɗe tana salati.

Ta ce, "Yaya, ni na ɗauka zanen gado ne. A kwance shi yanzu."

Na ce, "In kin kwance, kin kwance bakin yarinya. Yadi ne. Bari ta gama."

Na bi ta wajen telan don in ji yadda ya yayyanka shi. Bai ɗago daga kekensa ba ya ce, "Alhaji, ban yanka ba. Na ɗauki almakashi, hannuna ya ƙi. Ninkewa na yi na bi da zare." Bai tambaye ni dalili ba, ni ma ban ƙara ba.

Ana cikin haka tafiya ta kama ni zuwa kasuwar Shagari. Na fita da sassafe ban yi wa kowa sallama ba. Da na gama ciniki na biya maƙabarta na yi wa Inna addu'a, kamar yadda na saba, na dawo gida rana ta yi sanyi. Na tarar da yarinya tana tankaɗe a tsakar gida, fuskarta wasai.

Ta ce, "Kawu, yau kam ka iya. Ko wasa ba ka yi ba."

Na ce, "Mi na yi?"

"Da ka ce hannuna da sanyi, in murza shi tukun. Wallahi sai na tuna ina ƙarama, in zan shafa wa Kaka man zafi, haka take cewa. Kuma ka ce in juya ka hannun dama, ka gaji da kallon bango."

Takalmina na hannuna, ƙurar Shagari ba ta ko kaɗe ba. Uwarta na bakin murhu, na ga ludayin ya tsaya a tukunya. Na wuce na ɗaga labulen. Majinyaciya na kwance bisa gefen dama, farin kan nan mara fuska ya dubi gabas, an ja mata mayafi har wuya. Haka ake kwantar da mutum in an kai shi kabari.

Na saki labulen na ce, "Likita, ai ni gwani ne. Ba ki san na taɓa yin wasan kwaikwayo a Kumasi ba?"

Na yi ta nema wa abin hanya. Wataƙila zafin rana ne da yawan karatu, yarinya ta saba da jiran amsa har kunnenta ya ba ta. Wataƙila wata tsohuwar maƙwabciya ce ta shigo ta yi mata wasa, ko da yake na tambaya a fakaice ba wadda ta ce ta shigo. Daga ranar ban sake fashin tabarmar nan ba. Kuma da ta yi tambaya nake amsawa da sauri, tun ba ta rufe baki ba. Har ta ce, "Kawu, ka bari in numfasa mana." Ni kuwa ba na son a bar wurin shiru ne, kar wani ya riga ni.

Ran jarrabawa ni na kai ta Sakkwato. Da ta fito ta ce robar na nan, da idonta. Ta gaishe ta, ta murza hannuwanta, ta nemi izini, ta tsaya. Ta ce ta daɗe tsaye har malamar ta ɗago ta dube ta, sannan ta yi rubutu.

Na ce, "Ta amsa?"

"Roba ce fa, Kawu."

Sakamako ya fito ta ci. Sai da anka gama murna uwarta ta zaunar da ita ta gaya mata ko yadin wane ne, da inda nake ranar nan. Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Munka yi shawara a kwance ɗinkin, a wanke yadin, a kai wa liman ya ajiye don wanda ya rasu ba shi da hali, ladan sadakar ya je wa Inna. Na ce zan kai wa tela ya warware. Yarinya ta ce a'a, majinyaciyarta ce, ita za ta sallame ta.

Bayan azahar ta ɗauki reza ta shiga. Ni ina tsaye bakin labule, ƙafa ta saba. Na ji ta yi sallama. Na ji tana murza hannu.

"Kaka, na ci. Yanzu zan kwance ki, ba zafi. Kin yarda?"

Sai ta yi shiru tana saurare, yadda anka koya mata.

Na ɗauki takalmina a hannu na fice zaure. Har yau ban tambaye ta ba.