Inda Layin Baba Ya Tsaya

Jiya na bi ta unguwar Anbariyya a nan birnin Manzon Allah, ina ganin tsohuwar tashar jirgin ƙasa sai Baba ya faɗo mini a rai. Maƙwabcina ne a unguwar Bani Harisa, kafinta ɗan asalin Cadi. Bara Allah Ya yi masa rasuwa.

A ɗakinsa mai ƙamshin katako da gam, ya ƙera 'yar ƙaramar tashar nan a kan tebur, har da baƙin dutsen gininta da jirgi mai hayaƙi. A bakin tashar layin ya ƙare, ga raƙuman katako a durƙushe suna jiran kaya.

Wata Juma'a na sayo masa ƙarin layin dogo na wasa, ina ta murna. Na ce, "Baba, ga fili a tebur. Mu kai jirgin nan Makka mana."

Ya ajiye finjalin shayinsa. Ban taɓa ganin ya ɗaure fuska haka ba.

"La, ya waladi, a'a ɗana. Jirgin Sham a nan ya tsaya, halas, shi ke nan. Daga nan sai raƙumi, sai ƙafa. Kakana a ƙafa ya taka hanyar nan zuwa Makka, har faratansa suka fita. In na shimfiɗa layin nan, na share sawunsa ke nan."

Na tattara kayana cikin kunya.

Yanzu in na shiga jirgin zamani zuwa Makka, mutane na gyangyaɗi cikin sanyi, ni kuwa duwatsun da kakansa ya ratsa nake kallo ta taga.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya sada ka da kakanka a inda babu sauran tafiya.