Bashin Kawu, Jinin Yayata

Lokacin da abin ya faru ban daɗe da gama sakandare ba, ina koyon ɗinki a Gumel, kuma kowa ya san ni da baki, ba na barin ta kwana. Yayata tana aure a wani ƙauye wajen Gagarawa, ga tsohon ciki. A haihuwarta ta baya ta zubar da jini sosai, don haka malamar asibiti ta ce wannan karon a tanadi mai ba da jini. Aka gwada, nawa ya dace. Na yi mata alkawarin ko ina kan keken ɗinki aka kira ni, zan taso.

Ana cikin haka kawuna, dillalin awaki a kasuwar Maigatari, ya ci bashi wajen masu ba da rance ta waya. Bai tambaye ni ba, ya ba su lambata a matsayin mai tsaya masa, wai ni ce mai jin Turanci a dangi. Lokacin biya na yi ya zare layinsa, aka dawo kaina. Kira tun ban karya ba. In toshe lamba, su ɓullo da wata. Wata ta kira ni ɓarauniya, wani ƙato ya ce zai baza hotona da sanarwar na mutu. Ni da ko sisi ban gani ba! Na sami kawu har gida, yana sakace haƙori ya ce in yi haƙuri, ai zagi ba ya fitar da ƙari a jiki. Innarmu kuma ta ce kada in kuskura in tona wa ƙaninta asiri.

Sai na ɗauki wata ɗabi'a: baƙuwar lamba na shigowa, in zazzage zagi kafin a buɗe baki, in kashe. Wata Alhamis bayan la'asar haka na yi wa wani. Ina ji yana cewa baiwar Allah in tsaya in saurara, na ce ya je uwarsa ta saurare shi. Ya sake kira, na kashe wayar gaba ɗaya.

Ashe mai adaidaita ne da ya kawo Yaya asibitin Gumel. Wayar mijinta ba caji, shi ya sa ya ba mai adaidaitan lambata, kuma su duka ba su san shagonmu ba. Likita ya ce ba zai yi aiki ba sai an tanadi jini. Ina nan kusa, ina kafa maɓalli. Kafin a samo wani mai ba da jini, ɗan ya rasu a ciki, ita ma da ƙyar ta tsira.

Kawu ya zo gaisuwa yana ta cewa haka Allah ya ƙaddara. Daidai nan wayata ta yi ƙara. A gaban jama'a na ɗora masa ita a cinya, na ce ya ɗauka, ƙaddararsa ce ke kira. Ban yi nadamar wannan ba. Abin da nake nadama shi ne abin da na jawo wa Yaya, wadda har yau ba ta ce mini kanzil a kan lamarin ba.

Kawu ya ci kuɗi, masu rance sun zage ni, amma ni na kashe wayar. 'Yan'uwa, kada kunyar dangi ta sa ku ɗauki bashin wani. Ku kai maganar gaban manya tun ranar farko. Masu ba da lambar mutane kuma, ku ji tsoron Allah. Kuma kome zafin ranku, ku bari mai kira ya gama sallama.