Maijeri da Haruffansa na Katako

Maijeri ake ce masa a unguwa, domin aikinsa ke nan tun yana saurayi: jera haruffa a wata 'yar maɗaba'a da ke bayan tashar mota. Ɗaki ne dogo mai taga ɗaya, kullum yana warin tawada da kananzir. A jikin bango akwai akwatuna masu ƙananan gurabe, kowane gurbi da nasa harafin na dalma. A tsaye yake wuni gabansu, hannun dama na tsintowa, na hagu na riƙe da ɗan ƙarfen da ake jerawa a ciki. Katin biki, takardar shago, sanarwar taro, duk ta hannunsa suke bi. Haruffan buga takarda a juye ake ƙera su, kai ƙasa kuma ake jera su, sai sun hau takarda suke miƙewa. Shi kuwa ya saba, yana karanta su a haka kamar yadda wani ke karanta jarida.

A nan ya ɗauko wasan da ya zame masa jiki. Ba ya iya ganin kalma ya ƙyale ta, sai ya warware ta ya ga abin da zai fito. In ango ya zo karɓar katinsa, sai ya ce masa ya je ya nemi fartanya, don haruffan ango su ne na gona. Mai sayar da tufafi ya zo yana kukan kasuwa, ya ce masa ai laifinsa ne, riga da ragi uwarsu ɗaya. Da aka fara yi masa jikoki kuwa, bai taɓa kiransu da wani suna ba sai kaji, don haruffan jika su ne na kaji, har yana watsa musu alewa a tsakar gida yana kiransu kamar mai ba da tsaba.

Matarsa tela ce, a gida take ɗinki, kekenta na bakin tagar falo. Ta ji waɗannan barkwancin har ta haddace su, takan ce masa ya bar kalmomin mutane su huta. Shi kuwa Amarya yake ce mata. Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa ya kama sunan, bai ƙara aure ba, bai kuma saki sunan ba, har gashinta ya yi fari, har maƙwabta suka daina dariya suka bi shi a kai.

Da kwamfuta ta shigo, mai maɗaba'ar ya sayar da tsohon injin, aka auna haruffan dalma aka kwashe. Manyan haruffan katako da ake buga fosta da su ne kawai ba wanda ya nema. Maijeri ya zuba su a gwangwanin biskit, ya kawo gida, ya ɗora a kan kwaba. Daga nan ya zama mai zaman ƙofar gida, yana gaisawa da masu wucewa, yana gyara wa masu shaguna rubutun allunansu ko ba su tambaye shi ba.

Ciwon ya zo masa da hantsi, yana shan shayi. Kofin ya suɓuce, bakinsa ya karkace, ya dubi matarsa kamar zai ce wani abu, abin bai fito ba. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Ya rayu, amma hannun dama da ƙafar dama sun mutu, magana kuma ta ɗauke, sai wani sauti guda da yake maimaitawa. Babban ɗansu ya tambayi likita ko yana gane mutane. Likitan bai ɓoye musu ba, ya ce wasu bakin ne kawai ke ɗaurewa, wasu kuma har fahimtar ke tafiya, lokaci ne zai nuna.

Aka dawo da shi gida, aka sa masa gado a falo, aka ture keken ɗinki lungu aka lulluɓe. Matarsa ke masa wanka, ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki. Duk wannan bai dame ta ba. Abin da ke cin ta shi ne idonsa. In ta tambaye shi ko yana son ruwa sai ya gyaɗa kai, in ta tambaye shi ko ya ƙoshi da ruwan nan ma ya gyaɗa, wani lokaci kuma ya zuba wa bango ido kamar ba da shi ake ba. An ba shi biro a hannun hagu, ya yi wani jagwalgwalo ya jefar. 'Yan dubiya na zuwa su ɗaga murya kamar suna magana da kurma, sannan su juya su yi zancensa a gabansa. Har ɗansa ma haka ya koma yi, ba da mugunta ba, don dai ya fid da rai. Ita ba ta gaya wa kowa ba, amma kullum in tana goge masa fuska sai ta ji tsoron kada jikin mijinta ne kawai ya dawo daga asibiti.

Matar da ke zuwa motsa masa jiki ta ce a riƙa ba shi ƙananan abubuwa yana ɗauka yana ajiyewa, don yatsun hagu su yi ƙarfi. Aka ɗora masa faranti a cinya, matarsa ta juye masa maɓallai daga gwangwanin ɗinkinta. Ya share su da bayan hannu, suka watse har ƙarƙashin kujera. Auta, 'yarsu da ta baro gidanta ta zo taya jinya, ita ta tuna da gwangwanin kan kwaba. Ta hau kujera ta sauko da shi, ta kaɗe ƙura, ta juye masa.

Bai share waɗannan ba. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗauki ɗaya yana shafa fuskarsa da babban yatsa. Kwanaki yana haka, ya ɗauka, ya ajiye, ya tura nan, ya tura can. Wata rana babban ɗan ya leƙa farantin daga wajen ƙafafun uban, ya fita baranda ya ce wa Auta a hankali, ai Baba ko kan harafi da ƙafarsa ba ya bambantawa yanzu. Uwar ta ji daga kicin. Ta san yadda ake jera haruffan, ta sha kai masa abinci wurin aiki a zamanin ƙuruciya, amma maganar ta zo daidai inda take jin tsoro, sai ta kasa tunanin komai. Tun daga ranar ta daina kallon farantin. In za ta ɗauke shi sai ta kau da kai ta zube haruffan a gwangwani.

Auta ce ta matsa mata da ta fita ta sha iska. Ta ce tun da aka kwanta ciwon nan ba ta taka bakin titi ba, ta rame, in ita ma ta faɗi wa zai riƙe wa? Ta je gidan ƙanwarta ko na yini ɗaya ne. Da ƙyar ta yarda. Bayan azahar ta sa kaya, ta yafa mayafi, ta ɗauki jaka, ta tsaya a bakin ƙofar falo ta ce masa za ta je ta dawo, kamar yadda take gaya masa komai ba tare da jiran amsa ba.

Sai ta ji ƙwas, ƙwas. Da harafi yake bugun bakin farantin.

Ta ɗauka matashin ne ya zame. Ta zagayo ta wajen kafaɗarsa ta gyara, ya sake bugawa, idonta ya faɗa kan farantin. Daga nan inda take tsaye, ta ga abin yadda shi yake gani. Ba a watse suke ba. Haruffa ne a layi, kafaɗa da kafaɗa, kai ƙasa, daga hagu zuwa dama, yadda ya yi shekaru yana jera su. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da leɓenta.

AMARYA.

Jakar ta zame daga hannunta. Ta ce, "Na'am, Malam. Ga ni."

Bai dube ta ba. Ya kai hannun hagu ya cire harafin farko. Ya tura biyun ƙarshe gefe da ɗan yatsa, ya buɗe gurbi, ya yi ta fama har ya zaunar da wanda ya cire a ciki. Sannan ya daidaita layin da gefen hannu.

MARAYA.

Ya ɗago ya dubi mayafinta, ya dubi ƙofa, ya dawo da ido kanta. Gefen bakinsa mai rai ya ɗan motsa.

Sai dariya ta ƙwace mata, irin wadda rabonta da ita tun kafin asibiti, ta zauna a bakin gadon tana yi tana share hawaye da gefen mayafi. Duk shekarun nan ya juya sunan kowa a unguwa, bai taɓa taɓa nata ba, ashe sai yau. Wanda hankalinsa ya gushe ba ya ganin mayafi ya gane fita za a yi, balle ya yi ƙorafi, balle ya nemi hanyar tsokana. Mutumin yana nan. Duk abin da aka faɗa a gabansa ya ji, duk abin da ta yi masa ya sani.

"Maraya da furfura?" ta ce. "Maraya da jikoki cike da gida? Kai dai ba ka da ta ido."

Auta ta fito da gudu daga kicin, hannu duk kumfa, tana tambayar lafiya. Uwar ta jawo ta ta tsayar da ita a bayan kafaɗar uban, ta nuna mata yadda ake karantawa. Auta ta karanta, ta durƙusa ta kifa kai a gwiwarsa. Shi kuwa ya ɗora hannu a kanta yana kallon silin, kamar mutumin da aka daɗe ana ɓata wa lokaci.

Ta so ta fasa fitar, Auta ta hana. Ita ma da ta duba sai ta ga yanzu ne ma za ta iya fita. Ta ɗauki jakarta, ta ce masa marayu ma haƙuri suke yi, kafin magariba tana gida. A cikin motar haya ta riƙa murmushi ita kaɗai har matar da ke gefenta ta fara kallonta. Ta lura an yi wa kantin da ke kan kwana sabon fenti, an sare bishiyar bakin mahaɗa. A gidan ƙanwarta ta ci abinci har da ƙari, ta jingina a kujera ana hira, barci ya ɗauke ta.

Washegari babban ɗan ya zo da ledar magunguna. Da aka gaya masa, sai ya jawo kujera ya zauna ta wajen kafaɗar uban, ya gaishe shi da murya irin ta da. Ya roƙe shi ya yafe masa surutan da ya yi. Uban ya dubi ledar, ya jera MAGANI, ya musanya haruffa biyu ya zama MAGINA, ya ture ledar da gwiwar hannu. Ɗan ya yi dariya, ya ce ko magina ne sai an sha su.

Daga nan gidan ya canja. Farantin ya zama bakinsa. Sai aka gano ba ya son shayin da sukari haka, rediyon ya cika ƙara, kuma akwai wani ɗan dubiya da ya fi so a ce masa yana barci. Haruffan ba su cika ba, K guda ɗaya ce, ita ma ta tsage. Auta ta kai wa kafinta ya sassaƙo sababbi, mutumin ya yi su tsaf a miƙe yadda ake rubutawa a takarda. Maijeri ya juya su, ya duba, ya miƙa mata abinta. Sai da aka koma aka yi su a juye ya karɓa.

Maganar ta dawo kaɗan kaɗan, da nauyi, ba ta kuma dawo duka ba. Ƙafar ma ta yarda ta kai shi ƙofar gida da sanda, hannun dama dai ya tafi ke nan. Auta ta koma ɗakinta. Uwar ta yaye zanen da ta lulluɓe keken ɗinki, ta sa masa mai, ta aika wa masu kawo mata ɗinki cewa ta dawo aiki.

Yanzu da rana za ka same su a falo, ita a bakin taga tana taka keke, shi a kujera da farantinsa. Wani lokaci ya buɗe baki da ƙyar ya ce ƙarar keken ta dame shi. Ita kuma ta ce in ta dame shi ga sanda ga ƙofa. Sai ya yi tsaki ya gyara zama, ita ma ta ci gaba da ɗinkinta.